Yadda Ake Ƙyanƙyashe Agwagin Saxony da Renon 'Ya'yansu

Agwagwar Saxony, wadda Albert Franz ya samar a ƙasar Jamus a shekarun 1930, ta kusa ɓacewa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma har yau masu kiwonta ba su da yawa. Saboda haka aikin yana farawa tun daga zaɓen ƙwai. A nemi wanda toron da macen ba su da dangantaka ta kusa, domin barbarar dangi ita ce ke raunana irin da ya yi ƙaranci. Kada ƙwan ya wuce kwana 7 zuwa 10 a ajiye, kuma a ajiye shi a wuri mai sanyi, tsininsa yana kallon ƙasa.

Ƙwan yana ɗaukar kwana 28. A saita injin ƙyanƙyasa mai fanka a kan digiri 37.5 na Salsiyos, damshi kuma kusan kashi 55 cikin ɗari, sannan a riƙa juya ƙwan aƙalla sau 3 a rana. A kwana na 7 a haska shi da tocila a cikin duhu: mai rai zai nuna jijiyoyin jini, wanda kuwa ya kasance fayau sai a cire shi kafin ya zama baragurbi.

Daga kwana na 25 a daina juyawa, a ɗaga damshi zuwa kusan kashi 70, a bar injin a rufe. A nan ne haƙuri yake ƙwace wa mutane, kuma a ganina a nan aka fi yin asara. Ɗan agwagwa yakan huda ɓawo sannan ya yi shiru har kwana ɗaya ko biyu, yana shanye ragowar gwaiduwa, jijiyoyin da ke manne da tantanin ƙwan kuma suna bushewa. Wanda ya ɓare masa ɓawon a wannan lokaci da niyyar taimako yana iya sa jini ya kashe shi.

Idan 'ya'yan agwagin sun fito sun bushe, a mayar da su wuri mai ɗumin digiri 32, ana rage kusan digiri 3 kowane mako, a kan shimfiɗar da ba ta da santsi don kada ƙafafunsu su talale. A ba su abinci mai furotin kashi 18 zuwa 20, a ƙara musu yisti saboda sun fi 'yan tsaki buƙatar sinadarin niyasin (wato bitamin B3), a kuma rage furotin bayan mako 3 don gudun karkacewar fiffike. Ruwan shansu ya isa su tsoma baki har hanci, amma kada ya kai zurfin iyo, domin gashinsu bai fara kare su daga jiƙewa ba tukuna.