Kafin ka saka wa tsohuwar Volkswagen Kombi rim ɗin alminiyam

Jama'a, kada ka biya kuɗin rim huɗu sai an ɗaura ɗaya a gaba.
Murɗa sitiyari ƙarshe, dama da hagu, ka ga ko taya na gogar jiki.

Ramuka biyar ba hujja ba ce. Kombi ta 1971 zuwa sama 5x112 take (ramuka biyar a kan da'ira mai faɗin milimita 112), ta kafin nan 5x205.

Ka duba noti ma. Na Volkswagen gindinsa zagaye ne, yawancin rim ɗin kasuwa mai tsini suke so. In bai zauna daidai ba, kwancewa yake a tafiya.
Taya kuwa, nemi mai harafin C, ita ke ɗaukar kaya.

Amma in hanyar Garwa zuwa Marwa kake bi kullum, zauna da rim ɗin ƙarfe. Shi in ya lanƙwashe bakanike ya buga, alminiyam tsagewa yake.