Yadda ake zuwa aikin sa kai a sansanin yara na ƙasar waje ta hannun kamfanin da kake wa aiki

Wasu manyan kamfanoni, musamman na magunguna da bankuna, suna tura ma'aikatansu aikin sa kai a sansanonin hutun yara masu fama da ciwo mai tsanani. Mu ɗauki Barretstown misali, sansanin da ke gundumar Kildare a ƙasar Ailan, wanda ɗan wasan fim na Amurka Paul Newman ya kafa a 1994, shekara shida bayan na farkonsa a jihar Connecticut. Yaran da ke zuwa akwai masu ciwon daji da masu cututtukan jini, kuma ba a karɓar ko sisi daga iyayensu. Ɗan sa kai ana ce masa "Cara", wato aboki da harshen ƙasar.

Fara da ofishin kula da ma'aikata na kamfaninku tun ƙarshen shekara, domin zangunan Yuni zuwa Agusta tun farkon shekara ake cike gurabensu. Ka nemi amsa uku a rubuce: kwanakin za a cire su daga hutunka na shekara ko hutu ne na daban mai albashi, wa zai biya kuɗin jirgi da biza, kuma inshorar lafiyar kamfani tana aiki a waje ko kuwa. Kwana da abinci sansani ke bayarwa. Alkawarin baki na shugaban sashenka kada ka dogara da shi, ana iya canza masa wurin aiki kafin ranar tafiya.

Amincewar kamfani ba ita ce ta sansani ba. Za ka cike fom ɗinsu, ka ba da mutanen da za su shaide ka, a yi maka tambayoyi ta bidiyo. Duk mai aiki da yara a Ailan sai 'yan sandan ƙasar sun tantance shi, kai kuma ka haɗa da takardar shaidar hali daga 'yan sandan ƙasarku. Rubuta adireshin duk inda ka taɓa zama ba tsallake, giɓin shekara ɗaya kan sa a dawo da fom.

Maganar lafiya ita ce ba sassauci. Yaron da ke shan maganin daji garkuwar jikinsa ta yi ƙasa, ƙarambau ko kyanda da wani yaro zai warke cikin mako shi kan iya kai shi asibiti rai a hannun Allah. Saboda haka za a tambayi katin rigakafinka. Da yawanmu katin yarinta ya daɗe da ɓata, to ka je a gwada jininka a ga ko kana da garkuwa, in babu a yi maka allura makonni kafin tafiya, ba ana gobe ba. In mura ko gudawa ta kama ka a sansani, ka faɗa wa ma'aikatan jinya nan take. Ɓoyewa don kada a ce ka yi raki shi ne laifi mafi girma a wurin.

Biza kuwa ka nema wata uku kafin tafiya. Ailan ba ta cikin yankin Schengen na ƙasashen Turai masu biza ɗaya, don haka bizar Faransa ko Jamus ba ta shigar da kai. Fasfo ya kasance yana da sauran wata shida bayan ranar dawowa. Wasiƙar gayyata ta sansani da ta kamfani su dace a kwanan wata da rubutun sunanka: "Muhammad" a nan, "Mohammed" a can, ya isa ya jawo tsaiko. Wasiƙar kamfani ta faɗi ƙarara cewa kujerarka na jiranka.

Kowane zango kamar mako guda ne, kuma ana isa kafin yara don horo. A jaka ka sa rigar ruwa, rigar sanyi biyu da takalmi rufaffe, domin lokacin zafinsu da wuya ya wuce maki 20 a ma'aunin Celsius, ga yayyafi ba sallama. Rana ba ta faɗuwa sai wajen goma saura na dare a Yuni, isha'i ta yi nisa, asuba ta zo da wuri, don haka tun ranar horo ka shirya da abokin aikinka wanda zai tsaya da yara lokacin sallarka. Batun abincin halal a fom ake rubuta shi.

Aikin kansa raino ne daga tashi har barci: ɗaure igiyar takalmi, raka yaro ɗakin magani, rera waƙa a teburin abinci ko da muryarka ba ta da daɗi. Ba a keɓewa da yaro, kullum sai da babba na biyu a kusa. Ba a ɗaukar hotonsu da wayarka, ba a musayar lamba. Ba a tsawa, balle ɗaga hannu. Abin da ya fi ba sababbi wuya shi ne barin yaro ya zaɓa da kansa. In yarinya ta tsaya gindin katangar hawa ta ce tsani biyu kawai za ta taka, ka tafa mata a kan biyun, kada ka lallashe ta zuwa na uku, kada kuma tausayi ya sa ka ɗauke ta ka ɗora.