Yadda Ake Sa Jimla a Ƙasan Kowane Shafi Idan Za a Buga Lissafin Excel

Mai binciken lissafi da aka miƙa masa jerin albashi ko rajistar kuɗin makaranta mai ɗaruruwan layuka yakan so ya ga jimla a ƙasan kowane shafi, domin ya bi takardun ɗaya bayan ɗaya. Excel ba ta da maɓallin da ke yin haka kai tsaye, saboda haka sai ka tilasta wa kowane shafi ya zama rukuni guda, sannan ka sa ta tara kowane rukuni.

Da farko ka duba Page Break Preview a ƙarƙashin View, ka ga layuka nawa takardar A4 ke ɗauka, ka rage kaɗan domin layin kanu da na jimla su sami wuri. A ce ka tsayar da layi 40, kuma bayanan sun fara daga layi na 2. Ka buɗe sabon ginshiƙi mai suna Shafi, ka rubuta =INT((ROW()-2)/40)+1, ka ja shi har ƙasa; layuka 40 na farko za su ɗauki lamba 1, na biye su ɗauki 2.

A nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Dole ne ka kwafi ginshiƙin nan ka liƙa shi a wurinsa da Paste Special, ka zaɓi Values, domin da zarar Excel ta cusa layukan jimla, lambobin layuka za su goce, rukunonin kuma su rikice.

Daga nan ka shiga Data ka danna Subtotal. A gurbin At each change in ka zaɓi Shafi, a Use function ka zaɓi Sum, a Add subtotal to ka yi alama a ginshiƙin kuɗi, sannan ka yi alama a Page break between groups. Idan Subtotal ta ƙi dannuwa, bayanan suna cikin tsarin Table ne, sai ka mayar da su layuka na yau da kullum da Convert to Range.

Babbar jimlar da za ta fito a ƙarshe ba za ta ninka kuɗin ba, domin dabarar SUBTOTAL da Excel ke sakawa a layukan jimla tana tsallake 'yan uwanta da ke cikin layukan da take tarawa, abin da SUM ba ta yi.

Kafin ka buga, ka shiga Page Layout, ka danna Print Titles, ka sa layin kanu a Rows to repeat at top domin ya bayyana a kowane shafi. Idan aka ƙara sunaye daga baya, ka danna Remove All a cikin akwatin Subtotal, ka sake lambobin shafi tun daga farko.