Yadda Ake Koyon Sana'ar Gyaran Sarewa, Algaita da Sauran Kayan Busa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Sarkin Gwandu a Birnin Kebbi ranar hawan salla, ko ya halarci bikin kamun kifi na Argungu, ya san ba a raba sarauta da busa. Sai dai algaitar nan da ke tashi a gaban sarki itace ce da fata da tagulla, tana tsagewa, tana shaƙewa, kuma dole a sami mai gyara ta.

Matakin farko shi ne mutum ya koyi busa, ko da kaɗan ne, domin wanda bai san muryar lafiyayyar algaita ba, ba zai gane mai ciwo ba. Ya nemi gidan mabusa, ya gabatar da kansa ga Sarkin Busa cikin ladabi, ya yarda da zama ɗan aike na wani lokaci, saboda sana'ar ta gado ce a yawancin gidaje, ba a buɗe wa baƙo cikinta rana ɗaya.

Daga nan sai ya koyi gano inda iska ke zurarewa, wanda a ganina shi ne rabin aikin. Idan sarewa ce, ana toshe ramukanta da yatsu, a danna ƙarshenta a cinya, a hura a hankali; in iska ta wuce, to akwai tsaga, kuma galibi bushewar hunturu ce ke jawo ta. Ƙaramar tsaga ana cike ta da narkakken kakin zuma, a naɗe wurin da zare tamau, amma wadda ta ratsa ta kan rami ta fi ƙarfin gyara, gara a gaya wa mai ita gaskiya. Ita kuwa algaita, abin da ya fi saurin mutuwa a jikinta shi ne ɗan karan bakinta mai harshe biyu, wanda ake fiƙewa da aska, a jiƙa shi da ruwa kafin a gwada. Sabunta fatar jikinta aikin baduku ne, liƙin bututun tagulla da dalma kuma na maƙerin fari ne, don haka mai koyo ya ɗan zauna wurin kowannensu.

Bayan hannu ya faɗa, sai a shiga kayan busar Turawa irin na badujalar 'yan sanda da sojoji da makarantu: kilarinet, saksofon, da sarewar ƙarfe mai maɓallai wadda Theobald Boehm ya tsara a Jamus a 1847. A ƙarƙashin maɓallan akwai 'yan matasai masu laushi da ke rufe ramuka. Ana zura ƙaramar fitila cikin bututun a ɗaki mai duhu, duk inda haske ya leƙo, nan iska ke fita. Sai a ɗumama maɓallin har ƙaron da ke riƙe da matashin ya yi laushi, a cire shi, a sa sabo, a daidaita. Ƙananan sukudireba da filaya mai santsin baki sun isa farawa. Kada a kusanci mannen nan mai kamawa nan take, domin yana hana mai gyaran gaba cire komai ba tare da ɓarna ba.

Aikin yana da lokaci, ya fi yawa gab da salla da naɗin sarauta, saboda haka ya kamata a tanadi kara da zare da matasai tun kafin watan azumi ya raba. Kafin a karɓi kuɗi kuma, a miƙa wa mai kayan ya busa da bakinsa a nan take, rami bayan rami.