Yadda za ka bambance jirgin ganima na Amurka da na 'yan fashin teku

In kana karanta tarihin yaƙin ruwa, ko jarrabawa ce ta taso ka gaba a nan Sakkwato, wanga wuri ne ake yawan rikicewa, don dukkansu jiragen 'yan kasuwa suke tarewa su kwashe kaya.

To fara neman takarda. Jirgin ganima ba na soja ba ne, attajirai ne ke haɗa kuɗi su sayi jirgi mai gudu su ɗora mai igwa, amma ba shi fita sai gwamnati ta ba shi takardar izini kuma sai sun aje kuɗin jingina, tsarin mulkin Amurka ma majalisa ya danƙa wa ikon bada ta. Taɓa jirgin ƙasar da ba a yaƙi da ita kuwa, kai da kotu.

Sai ka bi sawun kayan. Ɗan fashi nan take yake rabo. Mai jirgin ganima ko sai ya zuba mutanensa cikin jirgin da ya kama su tuƙo shi har tasha, alƙali ya duba takardu, in ya halatta a yi gwanjo, galibi rabi na masu jirgi rabi na ma'aikata, albashi babu ko sisi. Mu da muka tashi da jin labarin ganima da humusi ba zai ba mu wuya ba.

Duba shekara kuma. A farkon yaƙin Amurka da Ingila na 1812 zuwa 1815 jiragen yaƙin Amurka ba su kai 20 ba, na Ingila sun haura 500, shi ya sa aka saki irin waɗannan jirage wajen 500, da yawa daga birnin Baltimore na Amurka. Akwai wani Thomas Boyle, kyaftin ɗin jirgin ganima mai suna Chasseur, a 1814 ya aika sanarwa Landan wai shi kaɗai ya toshe duk gaɓar Birtaniya. Ƙarfin hali ko rainin wayo, ni dai na fi ganin na biyun.

Kar ka manta da abin da ke samunsu in an kama su. Mai takarda fursunan yaƙi ne, da dama kurkukun Dartmoor na Ingila aka kai su, marar takarda rataya ce.

A 1856 ƙasashen Turai sun taru a Faris suka soke wagga sana'a, Amurka ta ƙi sa hannu, don haka in ka ci karo da ita a 1861 hannun 'yan Kudu lokacin yaƙin basasar Amurka, ba kuskuren bugu ba ne.