Idan kin bar aikinki na farko a Ingila kafin ki shekara

Ina gida hutu a ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim, ana tsakiyar girbin gero, sai ga Inna maƙwabciyarmu ta shigo da waya ƙulle a gefen mayafi. Ko tabarma ba ta tsaya an shimfiɗa mata ba. "Ke 'yar nan, ƙanwarki ce wai ta ajiye aiki, wata biyar da tafiyarta. Ki yi mata magana, ni ban san kan abin ba." Muka zagaya bayan rumbu inda sabis ya fi kamawa, na kira ta. Abin da na faɗa mata shi nake rubutawa a nan, don ni ma wata bakwai kacal na yi a wurin aikina na farko, wani gidan kula da tsofaffi a arewacin Ingila. Da mata nake magana saboda mun fi yawa a aikin jinya, amma maza ma dokar ɗaya ce.

Kafin ta fara ba ni labarin ɓacin ran da ya kore ta, na tambaye ta ranar da ta yi dutinta na ƙarshe. Bizar ma'aikatan lafiya a ɗaure take da wanda ya ɗauki nauyinki. Kina barinsa, dole ne ya sanar da ma'aikatar cikin gida cikin kwana 10 na aiki. Daga baya ma'aikatar za ta rubuto miki cewa an rage wa'adin bizarki, galibi zuwa kwana 60. Wasiƙar kan yi jinkiri, kuma wannan jinkirin ne ke ruɗar mutane su saki jiki. Ki riƙa duba imel ɗinki kullum, har da akwatin tarkace, ki tabbata adireshin da suke da shi naki ne na yanzu.

Idan kuwa ba ki riga kin fita ba, ki daure. Sakin na hannu a kama na guje ba dabara ba ce a ƙasar mutane. Sai sabon wuri ya ba ki takardar ɗaukar nauyi da ake kira CoS, kin cike neman sabuwar biza, an amsa, sannan ki fara aiki a can. Ki ba da notis daidai yadda kwantiraginki ya ce. Wanda na ware kawai shi ne wurin da ake cin zarafinki ko aka riƙe miki fasfo. Wannan ba maganar haƙuri ba ce, ki nemi taimako ranar.

Sai maganar bashi. Ni da na miƙa takardata, kwana uku aka miƙo mini tasu: kuɗin jirgi, kuɗin jarrabawar OSCE ta gwajin aikin jinya da ake yi kafin rajista, hayar ɗakin watan farko, har da wasu abubuwan da ban taɓa jin sunansu ba. Na kwana ban runtsa ba. Ashe ba duk abin da aka rubuta ake biya ba. Ƙa'idar ɗaukar ma'aikatan lafiya daga ƙetare ta ce dole sharaɗin biyan ya kasance a rubuce cikin kwantiragi tun farko, ya yi daidai da abin da aka kashe da gaske, kuma ya riƙa raguwa gwargwadon daɗewarki. Kuɗin lasisin ɗaukar nauyi kuwa nasu ne, ba a ɗora wa ma'aikaci. Kada ki sa hannu a komai a tsaye. Ki kai wa ƙungiyar ƙwadago, RCN ko Unison, ko ki kira Acas, hukumar sasanta rikicin aiki, ita shawararta kyauta ce. Ga wadda ta sauka jiya: ki shiga ƙungiya tun watan farko, don ba su cika tsaya wa mutum a kan rigimar da ta riga shigarsa ba.

Wajen nema, idan kina da lambar rajista ta NMC, hukumar da ke yi wa ma'aikatan jinya rajista, kin fi sauƙi nesa ba kusa ba. Shafin NHS Jobs da Trac, inda asibitocin gwamnati (NHS) ke tallar guraben aiki, su ne kasuwarki. Mai aikin kula da tsofaffi ba tare da rajista ba hanyarta ta fi ƙunci. Tun 22 ga Yuli 2025 aka rufe ɗauko irin waɗannan ma'aikata daga waje, amma wadda ke cikin ƙasar tana iya sauya mai ɗaukar nauyi. Kowane kamfani ya kira ki, ki nemi sunansa a jerin masu lasisi da gwamnati ke sakawa a gov.uk. Kuma duk wanda ya ce a WhatsApp ki turo kuɗi ya samo miki CoS, ki toshe shi. Ba a sayar da ita. Kada a ɗaga gonar gado a kan takardar bogi.

Abin da ya fi cinye mini lokaci shi ne shaidar tsofaffin wuraren aiki. Asibitocin NHS suna son shaidar da ta game shekara uku na baya. Wato manajar da kika bari za a tuntuɓa, ko kina so ko ba ki so, shi ya sa nake cewa a fita da sallama ko da zuciya na tafasa. Sauran shekarun kuma suna gida, a babban asibitin da kika yi aiki. A nan ne ake maƙalewa: su can suna son imel na hukuma, ita kuwa metiron ɗinmu Gmail gare ta, shi ma sai ɗanta ya buɗe mata. Ni yayana na tura a kan babur, ya karɓo wasiƙa a takardar asibiti mai tambari da hatimi da lambar waya, ya kai shago aka yi sikanin. Ki fara wannan tun kafin a kira ki intabiyu.

A intabiyu za a tambaye ki dalilin barinki, babu makawa. Na farko da na yi, na ɓata kusan minti biyar ina zayyana halin manaja, ina kallon fuskokinsu suna sauyawa. Ban samu ba. A na biyu magana biyu na yi: an bar ni ni kaɗai nas a dutin dare da majinyatan da suka fi ƙarfin mutum ɗaya, na kai ƙorafi a rubuce, kuma yanzu ina neman wurin da zan yi aiki da tawaga in ƙara ilimi. Suka wuce tambaya ta gaba. Kada ki goge watannin nan daga takardar tarihin aikinki. Bizarki da takardar haraji ta P45 da ake ba wanda ya bar aiki za su tona, kuma NMC ba ta wasa da ƙarya.

Kada matsi ya kai ki aikin da ake biya a hannu. Ƙarin awa 20 a mako da aka yarda a yi a gefe, na wadda ke kan aikinta na asali ne. Kina barinsa, wannan damar ta tafi. Ki faɗa wa gida gaskiya cewa aike zai tsaya na ɗan lokaci. Ni ɓoyewa na yi, na ci bashi na turo kuɗin taki, har yau ina jin haushin kaina.

Da na kashe wayar Inna ta dube ni. "To koro ta za a yi?" Na ce ba a kai nan ba, Inna, wasiƙar ma ba ta zo mata ba tukuna. Na yagi takarda na rubuta wa ƙanen yarinyar abin da za a sa a wasiƙar asibiti, na ce gobe da sassafe ya hau babur, kafin metiron ta shiga zagayen majinyata.