Yadda ake ware ƙwaƙwalwa mai daidaitaccen adireshi a harshen C

Da farko, tantance daidaiton da kake buƙata, wato lambar da za ta raba adireshin ba saura. A Linux mai x86-64, malloc, aikin C da aka saba ware ƙwaƙwalwa da shi, na ba ka adireshin da 16 ke rabawa ba saura. Amma umarnin AVX (masu sa CPU aiki kan lambobi da yawa a lokaci guda) irin su _mm256_load_ps sai wanda 32 ke rabawa, in ba haka ba manhajarka ta tsaya cik nan take.

Na biyu, zaɓi hanya. A Linux ko macOS ni dai na fi natsuwa da wannan:

void *p;
int k = posix_memalign(&p, 32, girma);

A kula nan sosai. Ba ya dawo da adireshin kamar malloc; a cikin p yake zuba shi. Abin da yake dawowa da shi lamba ce: 0 in an dace, ENOMEM in wuri ya ƙare, EINVAL in daidaiton bai halatta ba. Saboda haka k za ka duba, ba errno (inda C ya saba ajiye lambar kuskure) ba. Daidaiton kuma dole ya fito daga jerin 8, 16, 32, 64, kowane ninkin na baya.

C11, sigar C ta 2011, ya kawo aligned_alloc(32, girma). In shi za ka yi amfani da shi, cike girman ya zama ninkin 32: bayit 100 ya koma 128.

Na uku, tabbatar da idonka: (uintptr_t)p % 32 ya ba da 0.

Da ka gama, saki wurin da free(p). Windows kam nasa daban ne: abin da ka ware da _aligned_malloc(girma, 32), _aligned_free kaɗai ke sakinsa. Lura cewa a can girma ne ke zuwa gaba.